Wa Ya Taɓa Mazubin Maharazu?

Ranar da Maharazu ya kuskure baƙin karen nan karo na biyu, a gaban kusan rabin mazan Tudun Gawo, babu wanda ya yi masa dariya. Da ma sun yi, da ya sami wanda zai zaga ya huce.

Karnuka ne biyar marasa iyayen gida da suka koma na daji, suka yi sansani a kwazazzabon da ke gabas da ƙauyen, kan hanyar Dutsi. Cikin mako uku sun kashe awaki shida da tunkiya mai ciki. Mai unguwa ya aika aka kira Maharazu, domin shi kaɗai ne maharbin da ya rage a ƙauyen, ɗan maharbi jikan maharbi, ga katin ƙungiyar maharba, ga bindigar toka ta gado. Ya ce a ba shi kwana biyu kacal. Ran Litinin ya harbi jagoransu, wani baƙin kare mai yankakken kunne, ya kuskure. Ya ce iska ce. Ran Laraba da hantsi mutane suka bi shi don su gane wa idonsu. Karen yana tsaye a kan tudu, bai fi taku talatin ba, yana kallonsu kamar shi ya kira taron. Maharazu ya durƙusa, ya ɗora bakin bindiga a kan gwafa, ya riƙe numfashi, ya ja kunama. Ƙasa ta yi tsalle kamu biyu hagu da karen. Shi kuwa ya girgiza jiki ya gangara kwazazzabo, ko gudu bai yi ba.

Can sai Saminu, mai tunkiyar da aka kashe, ya ce, "Allah ya ba da sa'a gaba, Malam Maharazu."

Maharazu ya miƙe. Ya saɓa bindiga ya nufi gida ta bayan gari, don kada ya haɗu da kowa.

Ya tarar da matarsa Fadila tana tankaɗe a tsakar gida. Ko sallamar kirki bai yi ba ya ce, "Ba ni faranti."

"Wane iri, Malam?"

"Faranti na ce! Iri nawa gare ki?"

Ta miƙa masa na silba, ta koma kan rariyarta. Ya kwance bakin burgaminsa, jakar fatar da yake farauta da ita, ya juye harsasan da suka rage a farantin, guda goma sha ɗaya.

Tun yana saurayi shi yake zuba harsashinsa da kansa. Yakan narka dalma a wani tsohon ludayin ƙarfe a bayan ɗaki, ya zuba a mazubi. Mazubin na mahaifinsa ne, ƙarfe mai siffar awartaki, da rami a bakinsa, rabi a wannan leɓe rabi a wancan, ƙusa ɗaya ta riƙe su a tsakiya. In aka matse hannuwan sai rabi ya haɗu da rabi, dalma ta shiga, ta fito mulmulalliya sumul. Shekara talatin yana zubi yana watsawa a burgami ba tare da ya duba ba, domin bai taɓa samun dalilin dubawa ba.

Ya karkata farantin. Harsashi mai kyau mirginawa yake yi ɗoɗar har baki. Waɗannan kuwa sai suka riƙa ɗingishi kamar akuyar da ƙaya ta soka, ɗaya ya yi kwana ya tsaya a tsakiya. Ya ɗauko shi ya kai kusa da ido. Rabin sama ya goce daga rabin ƙasa, ga wani siririn leɓe ya zagaye shi ta tsakiya. Ya duba na biyu, haka. Na uku ma har ya yi tsawo kamar ƙwan kurciya.

"To ga shi!" Ya buga farantin a ƙasa, harsasan suka watse. "Ga abin da ya tozarta ni! Ni na san hannuna!"

Fadila ta ɗago ta dubi mazubin da ke rataye a ƙusa ƙarƙashin rumfa, ta mai da kanta ƙasa. Bai lura ba.

Tun daga azahar har rana ta yi sanyi yana bayan ɗaki. Da farko ya ce wuta ce ba ta yi ƙarfi ba, ya ƙara gawayi, ya yi ta fifita har ludayin ya yi ja. Ya zuba, ya buɗe, karkatacce. Ya ce to zafi ne ya yi yawa, ya bari ta ɗan lafa, ya zuba, karkatacce, har da tamoji. Ya kwashe daskararren dattin da ke tasowa a sama, ya goge ramin mazubin da tsumma, ya gasa shi, ya sake zubawa. Duk wanda ya fito sai ya jefa shi a faranti, ya yi ɗingishi, ya mayar da shi wuta. Ya yi haka ya fi sau arba'in. Ɗigon dalma ya faɗo masa a babban yatsa, fata ta tashi, bai ko tsaya ya hura ba.

Fadila ta leƙo, ta rufe hanci da gefen mayafi. "Malam, hayaƙin nan har cikin ɗaki yake shigowa. Kuma ka ji abin da malamar asibiti ta ce game da dalma. Ka bari haka, ga abincinka yana hucewa."

"Malamar asibiti ce za ta kashe karnukan?"

"Ni dai na faɗa."

"To kin faɗa. Tafi."

Abu ɗaya ne bai yarda ya zarga ba, shi ne mazubin. Ƙarfen da ya yi wa mahaifinsa aiki shekara talatin, ya yi masa talatin, ba yau zai fara ƙarya ba. Saboda haka laifi ya koma kan dalmar. Wata biyu da suka wuce ya saye ta a wurin Ya'u mai gwangwan, wanda ke sayar da tsofaffin ƙarafa a kasuwar Dutsi. Da ya tuna yadda Ya'u ya yi ta washe baki a ranar yana cewa irinta ba ta zama, sai ransa ya ƙara ɓaci. Ashe dariyar cuta ce.

Ranar kasuwa ya isa rumfar Ya'u tun kafin a gama shimfiɗa kaya. Ya'u yana auna wa wani mutum tsohuwar waya a sikeli. Maharazu ya jefa curin dalmar a kan sikelin, wayar ta yi tsalle ta faɗi.

"Me ka sayar mini?"

Ya'u ya ɗago. "A'a, Malam Maharazu. Ina kwana tukuna."

"Ban zo gaisuwa ba. Me ka haɗa a cikin wannan? Kuza ce ko tutiya? Ka narka mini shara ka ce dalma ce!"

"Ka yi a hankali, mutane suna ji."

"Su ji mana! Don su ji nake yi. Macuci! Ka sa na tsaya gaban jama'a ina harbin ƙasa. Awakin mutane suna mutuwa saboda ribar banza da ka ci!"

Masu rumfunan kusa suka fara matsowa. Ya'u mutum ne mai sanyin magana, amma fuskarsa ta sauya. Ya ɗauki curin, ya karce shi da farce, ya nuna wa mutane layin da ya fito yana sheƙi. Ya ɗaga shi ya sake a kan dutsen da ya tokare ƙafar rumfa. Ya faɗi tim, ba ko ƙara. Ya zaro wuƙa ya yanki gefe, ta shige kamar a sabulu.

"Duk wanda ya san ƙarfe a nan ya faɗa," in ji Ya'u. "Wadda aka yi wa gauraye haka take yi? Da ta yi ƙara, da ta ƙi yankuwa."

Wani dattijo mai gyaran fitila ya karɓa ya juya ta. "Dalma ce zalla," ya ce.

"Bakinku ɗaya," in ji Maharazu, amma muryarsa ta ragu.

Ya'u ya miƙe. "Shekara goma sha bakwai ina rumfar nan, ba wanda ya taɓa kirana macuci. Ka kuskure kare, ka rasa wanda za ka ɗora wa sai ni? Ɗauki dalmarka. Ka je wurin Harisu maƙeri ya duba maka wannan tsohon ƙarfen da kake bautawa. Kuma daga yau ko ƙusa kake nema kada ka tsaya a gabana."

Maharazu ya ɗauki curin yana huci. Bai yi niyyar zuwa wurin Harisu ba, amma mazubin yana cikin aljihunsa, kuma yana so ya dawo ya watsa wa Ya'u shaida a fuska.

Harisu tsohon maƙeri ne, sa'an mahaifin Maharazu, maƙerarsa tana bayan kasuwa ƙarƙashin wata tsamiya. Ya karɓi mazubin. Ya buɗe, ya rufe. Ya riƙe leɓe ɗaya da hagu, ɗaya da dama, ya murɗa su a hankali, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Suka motsa. Ɗan kaɗan ne, bai fi kaurin farce ba, amma Maharazu ya gani, ya kuma ji wata 'yar ƙara, ƙas.

"Ƙusar ta saki," in ji Harisu.

"Tsufa ne ke nan?"

"Tsufa? Wanda ya ƙera wannan ya ƙera shi ne ya binne jikokinka. Matso ka gani." Ya nuna masa can ciki, bayan ramin, kusa da ƙusar. Wurin ya lotsa, ya yi ƙananan ramuka kamar an tattauna. Ya juya hannuwan, ya nuna masa inda suka baje. "An riƙa cusa wani abu mai tauri a nan, a matse, sannan a bugi hannun da dutse. Ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba. Har leɓen nan ya ɗan kauce. Ko me ka zuba a ciki, ko zinariya ce, a karkace zai fito."

Maharazu ya ɗago. "Wa ya yi?"

"Ni za ka tambaya? A gidana yake kwana?"

"Baba Harisu, na mahaifina ne."

"Na fi ka sani. Ina nan aka kawo shi. Bar mini shi kwana uku in ga abin da zan iya."

"Zan kawo. Akwai wadda za ta fara ganinsa tukuna."

Harisu ya dube shi. "Kai, ɗan Mati. Ubanka ma haka yake, sai ya harba sannan ya duba me ya harba. Je ka a hankali."

Bai je a hankali ba. Duk tsawon hanya lissafi ɗaya yake yi. Su uku ne a gidan. 'Ya'yansu mata biyu suna gidajen mazajensu, namijin yana karatu a Katsina. Mahaifiyarsa, Inna Maiturare, tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, kuma kwana goma ke nan tana garin Babban Mutum wurin jikarta da ta haihu. Saura wa?

Fadila tana shanya wanki ya shigo. Ya miƙa mata mazubin har ya kusa taɓa mata hanci.

"Me kika fasa da wannan?"

Ta ja da baya. "Ban taɓa shi ba."

"Dubi nan. Dubi! Aljanu ne suka tauna shi?"

"Malam, na ce maka ban taɓa shi ba."

"To wa ya taɓa? Kullum kina gidan nan. Yana rataye a saman kanki kina girki. Wa?"

Ta ɗauki zane daga bokiti ta matse, ta yarfa, ta shanya.

"Da ke nake magana! Kin san wanda ya taɓa?"

"Hannuna bai taɓa shi ba. Iyakar abin da zan faɗa ke nan."

Wannan amsa ta ƙarasa tunzura shi. Ya fizge igiyar shanyar, kayan suka zube a ƙasa. "Maƙaryaciya! Kina kallona ina ƙona yatsa, kina kallona na tafi kasuwa na zagi mutumin da bai ci ba bai sha ba, kin yi shiru! Ai ba laifinki ba ne. Ina za ki san darajar kayan gado? Me ubanki ya mutu ya bar muku, ban da buta da tsumman tabarma?"

Fadila ta tsaya cak. Ta dubi wankin da ke cikin ƙasa, ta dube shi. Idonta ya kaɗa, amma babu hawaye.

"Maimaita," ta ce.

Bai maimaita ba.

"Shekara ashirin da huɗu ina shaƙar hayaƙin dalmarka. Na wanke jinin zomo a rigarka, na cire maka ƙaya a ƙafa, ka dawo hannu rabbana na ce sannu da ƙoƙari. Ka kira ni maƙaryaciya, na ji, zan iya haɗiyewa. Amma mahaifina yana kabari. Bai ci maka komai ba, da hannunsa ya ba ka ni. Buta da tabarma ya bari, gaskiya ne, kuma bai taɓa ɗaga wa mahaifiyata murya a kan ƙarfe ba."

Ta shiga ɗaki. Ya ji tana buɗe akwati. Yana tsaye a tsakar gida da mazubi a hannu, zuciyarsa tana ce masa ya yi magana, bakinsa ya ƙi. Ta fito da ƙullin kaya a ka, ta wuce shi kamar ta wuce turmi. A bakin hanya ta tsayar da mai babur, ta ce Baure, gidan yayanta.

Kwana huɗu ya yi shi kaɗai. Ya kai wa Harisu mazubin. Ya dafa wake ya ƙone, ya ci a haka. A rana ta biyu karnukan suka kashe wani ɗan bunsuru. A ta uku mai unguwa, ba tare da ya gaya masa ba, ya aika aka ɗauko wani maharbi daga wajen Baure. Mutumin ya zo da safe, kafin azahar ya kashe baƙin karen da wasu biyu, ragowar suka bar yankin. Maharazu yana cikin gida ya ji ƙarar bindiga sau uku, ya ji shewar mata. Ya rufe ƙofar zaure. Ko masallaci sai an tayar da salla yake shiga, ana sallamewa ya fice.

A rana ta huɗu da la'asar Inna Maiturare ta dawo, da sandarta da ƙullin tsarabar suna. Ta tsaya a tsakar gida ta dubi tukwanen da ba a wanke ba, ta dubi kaji suna yawo a cikin madafa.

"Ina Fadila?"

"Sannu da zuwa, Inna. Ya mai jego?"

"Lafiyarta ƙalau. Ina Fadila na ce."

Ya shimfiɗa mata tabarma, ya durƙusa, ya ba ta labari. Ya faɗi na kare, ya faɗi na Ya'u, ya faɗi abin da Harisu ya nuna masa. Da ya zo kan abin da ya gaya wa Fadila sai ya tsallake maganar mahaifinta.

"Wane mazubi?" in ji Inna. "Wannan mai kama da awartaki da ke rataye a rumfa?"

"Shi."

"Ni ce."

Ya ɗago kai. "Inna?"

"Ni ce, na ce. Kurma ka zama? Ƙwallon aduwa nake fasawa da shi. Tun kaka nake yi. Man aduwa ne kaɗai ke sa gwiwar nan ta bar ni in yi salla a tsaye. Da dutse nake fasawa ina dakan yatsuna, sai na ga abin nan yana riƙe ƙwallon daram. In matse, in ƙwanƙwasa, ya fashe. Na fasa ya fi kwano shida."

Jijiyar wuyan Maharazu ta tashi. Da wani ne a duniya ya faɗi wannan magana, da sai an raba su. Ya dafe ƙasa da hannu biyu.

"Inna, mazubin Baba ne."

"Na san na wane ne. Akuyata aka sayar aka saye shi, tun ba a haife ka ba. Ni na san zai lalace? Ƙarfe ne, na ɗauka ƙarfe ba ya jin ciwo." Ta shafa gwiwarta. "Sau biyu yarinyar nan tana ce mini, Inna, kayan aikin Malam ne, bari in fasa miki da dutse. Na ce ta rufe mini baki, na girmi Malam ɗin, na girmi kayan aikin."

"Ta sani ke nan."

"Ta sani mana."

"To me ya hana ta faɗa? Na tambaye ta! Sau uku ina tambayarta!"

Inna ta buga sandarta a ƙasa. "Don tana da kunyar da ba ka da ita! So kake ta buɗe baki ta ce uwarka ce? Ta kai ƙarar surukarta wurin ɗanta, ina can ban sani ba? Ita 'yar mutunci ce, ta gwammace ta sha zagi. Kai kuwa ka tsaya ka yi tunani? Mutum uku a gida, ɗaya ta ce ba ita ba ce, kai ka san ba kai ba ne. Ko jaki ya ƙarasa wannan lissafi." Ta ƙura masa ido. "Maƙaryaciya kaɗai ka ce mata? Fadila ba za ta bar gidan nan a kan wannan ba. Me ka ƙara?"

Ya sunkuyar da kai ya faɗa.

Inna ta dafe sandarta. "Malam Anwar ka zaga? Mutumin da ya wanke gawar ubanka? Tashi daga gabana, Maharazu. Tashi kafin in faɗi abin da zai bi ka."

Ya tashi ya zagaya bayan ɗaki. Murhun zubinsa yana nan, da toka da ludayi. Ya sa ƙafa ya yi fatali da duwatsun murhun, ya ɗauki ludayin ya maka shi a katanga, ya sake ɗauka ya sake makawa har hannun ya karye. Babu wanda zai zaga. Ya zauna a cikin tokar, yatsan ƙafarsa yana jini, yana jin Inna tana korar kaji tana wanke tukwane da ƙarfi kamar za ta fasa su.

Washegari da safe Inna ta ce ya nemo mota su tafi Baure, ba za ta iya babur ba. Ya ce ta zauna, shi zai je. Ta ce wanda ya ɓata da baki ba shi ake sa wa gaba ba, kuma ita ma tana da nata laifin da za ta sauke.

A Baure, yayan Fadila, Malam Muhammad, ya karɓi Inna da girmamawa ya shigar da ita ciki. Maharazu kuwa ya bar shi a zaure, ba tabarma, ba ruwa, tun hantsi har aka kira azahar. Bayan salla aka kira shi. Fadila tana zaune gefen Inna, fuskarta a ɗaure.

"Na gaya mata ni na jawo," in ji Inna. "Na roƙe ta ta yafe mini. Ta ce ba ni da laifi, ƙarya take yi don kara, ina da shi. Saura kai."

Maharazu ya durƙusa. "Fadila, na yi kuskure. Ki yi haƙuri."

"Ba ni ka zaga ba," ta ce, ba ta dube shi ba. "Ga ɗan wanda ka zaga nan. Faɗa masa abin da ka ce game da mahaifinsa, da bakinka, yadda ka faɗa mini."

Ya dubi Inna. Inna ta kau da kai. Ya juya ga Malam Muhammad, ya faɗa, kalma bayan kalma, buta da tsumman tabarma, yana ji kamar ana zare masa haƙora. Malam Muhammad ya saurara har ƙarshe.

"Butar tana nan," ya ce. "Da ita na yi alwala yanzu. Na yafe nawa. Nata kuwa ita ta sani."

Fadila ta ce ba za ta bi su a ranar ba. Ta ce za ta dawo ranar da ta ga dama, kuma in ta dawo ba za a sake narka dalma a cikin gidan da take kwana ba, ya nemi wuri a gona. Ya ce ya yarda. Ta ce ba yardarsa ta tambaya ba, gaya masa take yi.

Sai da ta yi kwana goma sha shida ta koma. Ta ci gaba da girki da shara, tana hira da Inna har da dariya, shi kuwa daga ina kwana sai ga abincinka. Haka suka yi har bayan girbi.

Harisu ya sa wa mazubin sabuwar ƙusa, ya daddaƙe leɓen ya goge da magagari. Ya ce iyakar abin da zai iya ke nan, abin da ya kauce ya kauce. A bukkar gona Maharazu ya gwada. Cikin goma, bakwai suka fito daidai, uku da ɗan karkace. Yanzu kowane ɗaya sai ya duba shi kafin ya shiga burgami.

Ya je wurin Ya'u sau biyu. A karo na farko Ya'u ya yi kamar bai gan shi ba. A na biyu Maharazu ya tsaya a tsakiyar layin 'yan gwangwan ya ɗaga murya, ya ce dalmar Ya'u ba ta da aibu, shi ne ya yi ƙazafi, kowa ya shaida. Mutane suka ce madalla. Ya'u ya ci gaba da ɗaure buhunsa.

"Na ji," ya ce. "Allah ya yafe mana baki ɗaya."

"To a auna mini kilo biyu."

"Babu."

Maharazu ya dubi curin dalma huɗu da ke jere a gaban rumfar. "Waɗannan fa?"

"Na mutane ne," in ji Ya'u. "Ka gwada Daura."